Kwafi na Uku

A cikin durom ɗin ruwa aka tsinci kwamfutata. Kuku ne ya zura bokiti zai ɗebi ruwan wanke-wanke, ya ji ya bugi wani abu, ya naɗe hannun riga ya ciro ta tana tsiyaya. Na ruga ajin da muke kwana na zaro kyamara daga jaka, na buɗe gurbin kati. Wayam.

Mu shida ne, masu haƙa rijiyar burtsatse. Wata biyu ke nan muna yawo gari gari da babbar mota da inji, inda aka ba mu wuri nan muke shimfiɗa. A wannan garin ajin wata makaranta aka ba mu, tun da yara na hutu. Aikina ɗaukar hoto: kowane bututu da aka zura, kowane mataki na aiki, da kwanan wata a jiki. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne bakanikenmu, shi ne kuma ya samo min aikin.

Kwana uku kafin wannan safiya, igiyar ƙarfen da ke ɗaga bututu ta tsinke. Bututun ya sauko kan hannun Dogo, mai riƙe mana bututu, ya tafi da yatsu uku na hannunsa na dama. Kafin jinin ya bushe Shugaba, mai kula da ayarinmu, ya rubuta rahoto, wai igiya sabuwa ce, Dogo ne ya yi sakaci ya fizge ta. In wannan rahoto ya tsaya, za a kori Dogo da guntun hannu da sunan mai ganganci, kuma babu kamfanin da zai sake kallonsa. Ni kuwa ina da hoton igiyar nan na ranar Litinin, kwana biyu kafin hatsarin, ta zazzare kamar tsohuwar tsintsiya, an naɗe wurin da baƙin salatif. Yau da sassafe na faɗa a gaban kowa cewa gobe, in mai bincike ya iso daga ofis, zan nuna masa. Bakina ne ya ja min, na sani.

Ina da doka guda a sana'ata: hoton da ke wuri ɗaya bai zama hoto ba tukuna. In akwai sabis, kullum yamma nakan tura ofis. Nan kuwa kwana tara ko layi ɗaya na sabis bai leƙo wayata ba. Saboda haka kwafi uku nake yi. Ɗaya a katin kyamara, ɗaya a kwamfuta, waɗannan kowa ya sani, har Direba kan yi min tsiya wai na fi kaza son ɓoye ƙwai. Na ukun ƙaramin kati ne da nake cusawa ƙarƙashin murfin tsohuwar tocilar marigayi babanmu, bayan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke danne batir. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na saci kallon taga. Tocilar na nan tsaye kan fuskarta inda na bar ta. Na ce a raina, ɗan banza, ka yi aikin banza.

*

Kafin na fito, harabar makarantar ta cika. Garin nan shekara da shekaru suke jiran ruwa, ga shi an ce aiki zai tsaya sai an gama bincike, sai kowa ya zo da haushinsa. Maigadin makarantar ya ce da hantsi, lokacin da muke wurin inji, ya ga Kuku ya shiga ajin da kwano. Direba kuma, da bakinsa ba ya riƙe ko ruwa, ya riga ya ba masu shayi labari cewa Kuku ya taɓa zaman gidan yari. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Wani ya shaƙe masa wuyan riga, wata mata ta ɗauke ludayinsa tana nuna shi da shi.

“Wallahi gishiri na shiga ɗauka!” Kuku yana ta maimaitawa. “Ni da na ciro ta, ni kuma zan jefa ta?”

Yaya ne ya ratsa ya tsaya a gabansa, da sifana a hannu.

“Duk wanda ya sake taɓa shi, sai ya fara da ni,” ya ce. “Ba shi ba ne.”

Na ji daɗin yayana a lokacin, har na tsaya kusa da shi. Na nuna Shugaba, wanda ke can gefe yana sakace haƙori.

“Kun bar jaki kuna dukan taiki!” na ce. “Ku tambayi wanda ya rubuta ƙarya a takarda!”

Shugaba ya jefar da tsinken ya yo kaina. Ana cikin riƙe mu ne wata 'yar murya mai kaifi ta tsaga hayaniyar.

“Wane mara aikin yi ne ya tara min shanu a kan sawu?”

Wani ɗan tsoho ne, gajere, siriri, riƙe da eriyar rediyon mota a maimakon sanda. Maigadi ne ya aika a kira shi. Mai Sawu suke ce masa. Akuya ko keke in ya ɓata a garin, shi ake nema, kuma an ce bai taɓa komawa gida da haƙuri kawai ba. Ya dubi ƙasar da mutum hamsin suka tattake, ya yi tsaki mai tsawo.

“Ku fita. Kowa. In kuna son kallo ku hau katanga.” Ya nuna ni da eriyar. “Kai ne mai kayan? Zo ka rage min surutu a ciki.”

*

Ya sa na rufe ƙofa da tagogi har ajin ya yi duhu da tsakar rana. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

“Siminti ba ya magana sai an haska shi daga gefe. Miƙo min tocilar can.”

Na yi jim. Ya ce, “Ko ita ma an sace?” Na ɗauko na ba shi. Ya danna, ba ta kama ba. Ya bubbuga ta a tafin hannu, shiru.

“Jiya ta kama,” na ce, na fizge ta na kwance murfin. Na sa farce bayan ƙarfen. Babu kati. Na zazzage batiran biyu a tafina, na leƙa ciki, na girgiza. Ban san lokacin da na shuri benci ba, har yatsana ya yi ƙara. Na zagi ɓarawon, na zagi garin da ba shi da sabis, na zagi kaina. Tsohon ya bar ni sai da na gaji.

“Me ke ciki?”

Na faɗa masa.

“Wa ya sani?”

“Babu kowa.”

“Babu kowa ba ya sata, ɗana. Da ka zazzage batiran nan, na ga na bayan kansa na kallon murfi. Haka ka sa shi?”

“Ni? A'a. Ɓarawon ne, jahili, ko batir bai iya sawa ba.”

“To.” Ya karɓa ya sa su daidai, haske ya kawo. “Kada ka faɗa wa kowa zancen katin nan. In ka faɗa, ka nemi wani tsohon.”

Ya kwantar da tocilar a ƙasa, hasken ya shafi simintin, sai ga sawaye sun fito rututu a cikin ƙura. Ya bi su da rarrafe, yana taɓa wannan da eriya, yana tsallake wancan. Dukanmu takalman kamfani iri ɗaya muke sawa, ban da Kuku mai silifa. Na ce masa ai wahalar banza ce.

“Takalmi ɗaya, tafiya daban,” ya ce. “Ga mai silifa, daga ƙofa zuwa buhun gishiri, ya juya. Ga wani kuma mai taɓon inji a ƙafa. Ya je jakarka, ya je tebur, ya zo taga. Dubi nan da kyau. Bai leƙa ƙarƙashin katifa ba, bai buɗe akwati ba. Na shekara arba'in ina bin ɓarayi, duk ɓarawo lalube yake yi. Wannan bai laluba ba.”

“To sawun wa ne?”

“Da garin nan bai taka min rabinsa ba, da na faɗa maka. Muje mu ji ƙarya.”

*

Direba muka fara samu, a ƙarƙashin mota yana barci. Maigadi ya ce ya ɓace daga wurin inji kusan awa guda. Da farko ya ce bayan gida ya je. Mai Sawu ya kama tafin hannunsa ya juya, ga jan tsatsa a jiki.

“Bayan gidan naku a sama yake?”

Direba ya sosa ƙeya. Ashe tankin ruwan makarantar ya hau, wai an ce masa a can ƙoli akan sami layi ɗaya, yana so ya ji muryar matarsa da ke da tsohon ciki. Tsohon ya je ya duba matakalar, ya dawo ya ce, “Gaskiya ne, kuma bai samu ba, ga inda ya doki ƙarfen da haushi.”

Shugaba yana zaune a gaban mota da takardunsa. Ko kallona bai yi ba.

“Baba, ni ban taɓa kayan yaron nan ba. Na je shago sayen sigari, ka tambaya.”

“Na tambaya. Ka je, ka kuma tsaya gardamar ƙwallo. Igiyar da ta tsinke, ka gan ta da idonka?”

“Ni takarda nake gani. An kawo min takarda an ce an canja igiya, na rubuta abin da ke ciki.”

“Wa ya sa hannu?”

“Wa ke canja igiya? Bakanike.”

Na yi tsalle. “Kai ka tilasta shi! Kai ne kullum mai cewa a yi sauri, a yi sauri, kamar rijiyar za ta gudu!”

“Ka iya bakinka,” Shugaba ya ce, “ko in sa ka a rahoto na biyu.”

Mai Sawu ya buga min eriya a ƙwauri, ba da wasa ba. “Ni ke tambaya.”

Yaya muka samu yana zuba shayi a fulas zai kai wa Dogo asibitin garin. Ranar hatsarin shi ya goya shi har can, rigarsa jina-jina, kuma tun ranar safe da yamma bai fasa zuwa ba. Ya ce da hantsi yana ƙarƙashin inji yana ɗaure noti, babu wanda zai shaide shi sai injin. Tsohon bai matsa masa ba. Tambaya ɗaya ya ƙara.

“Tocilar da ke taga, ta waye?”

“Ta babanmu ce, Allah ya jiƙansa. Auta ne ya gaje ta.” Ya dafa kafaɗata. “Ka ci abinci, Auta. Fushi ba ya dawo da hoto.”

Da muka fito na ce, “Baba, ai ka gani, Shugaba ne.”

“Na ga kana so ya zama shi,” ya ce. “Je ka ce wa maigadi ya aro min tocila huɗu a maƙwabta, masu cin batir, ba na caji ba.”

*

Bayan la'asar Mai Sawu ya tara su a ajin: Shugaba, Direba, Kuku da kumburarren leɓe, da Yaya. Suka zauna a bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa ƙirji. Mutanen gari suka yi cincirindo a bayan tagogin da aka rufe. Ya ba kowannensu tocila ɗaya, ya ce su kwantar a ƙasa su haska masa.

Ya ɗauki lokaci yana nuna sawu. Ya wanke Kuku tas, da ƙarfi yadda na waje za su ji, har ya ƙara da cewa wanda ya fasa masa leɓe ya zo gobe ya wanke tukwane. Ya wanke Direba. Sannan ya miƙe yana dafa ƙugu.

“Sauran sawun an tattake. Iyakar abin da ƙasa ta faɗa min ke nan. Ku kashe tocilolin ku ajiye a kan tebur, na mutane ne, kada batir ɗinsu ya ƙare a banza.”

Zuciyata ta tafasa. Wuni guda, da dukan ƙwauri, a kan wannan? Shugaba ya fara dariya, na juya kansa, muka kaure da cacar baki, yana cewa in biya shi mutuncinsa, ina cewa ya biya Dogo yatsunsa. Mai Sawu bai hana mu ba. Ya buɗe taga ɗaya, haske ya shigo, ya tsaya gaban tebur.

Ya ɗauki tocilar Kuku ya danna. Ta kama. Ta Direba ta kama. Ta Shugaba ta kama. Ta huɗun ita kaɗai ce a tsaye kan fuskarta. Ya danna, shiru. Ya kwance murfin a hankali ya karkata ta yadda kowa zai gani. Batirin baya kansa na kallon murfi.

“Mutum uku sun kashe sun ajiye,” ya ce. “Mutum ɗaya idonsa na kan masu faɗa, hannunsa kuma na yin abin da aka koya masa tun yana yaro. Bakanike, wa ya koya maka juya batir?”

Ni ne na san amsar. Babanmu bai taɓa ajiye tocila ba sai ya juya batiri ɗaya, wai kada ta kunna kanta ta cinye. Ni na sha ranƙwashi a kan haka ban koya ba. Yaya ya koya. Kuma a bayan ƙarfen murfin nan Baba ke ɓoye makullin akwatinsa, mu biyu kaɗai muka sani. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tun da batiran nan suka faɗo tafina da rana na gane hannun. Na wuni ina ihu a kan Shugaba ne don kada na ji abin da zuciyata ke faɗa.

“Yaya,” na ce. “Yaya, kai ne?”

Bai ɗago ba. “Na manta sabuwar igiyar a garin da muka baro. A kan dakali na bar ta. Sai da muka sauke kaya na tuna. Na ce in na faɗa, tafiyar kwana biyu ce, kowa zai zage ni. Na ce tsohuwar za ta kai mu rijiya ɗaya. Na naɗe ta, na sa hannu a takarda.”

“Rijiya ɗaya!” Ban san na ɗaga benci ba sai da Direba ya riƙe ni ta baya. “Yatsu uku, Yaya! Ka goya shi a bayanka, jininsa a wuyanka, kana kai masa shayi safe da yamma, kana kallo za a kore shi da sunan mai sakaci? Ka bari aka fasa wa Kuku baki!”

“Na tare masa.”

“Ka tare masa! Sannu da ƙoƙari! A ba shi lambar yabo!”

“Auta, ina da 'ya'ya huɗu.”

“Dogo kuma kaji yake kiwo?”

Na tsani yayana a wannan lokaci, tsana ta gaske, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne ko a lokacin ina jin tausayinsa.

Mai Sawu ya zauna a kan tebur yana goge eriyarsa da gefen riga. “Katin kyamara ka jefa a rijiya, na ga inda ka tsaya a bakinta. Sau ɗaya ka ɗaga hannu. Ina ɗayan?”

Yaya ya sa hannu a aljihun ƙirji. Ya fito da ɗan ƙullin baƙin salatif, ya warware. Katin ne. A jikinsa akwai kalma ɗaya da na rubuta da biro shekara biyu da suka wuce, *Baba*, don hotunansa na ƙarshe suna ciki, shi ya sa ban taɓa goge katin ba, sai dai in ƙara a kai.

“Na kai shi bakin rijiyar,” Yaya ya ce. “Na ga sunan. Hannuna ya ƙi buɗewa.”

Ya ajiye a kan tebur. Ya dube ni, karo na farko.

“In ka nuna musu gobe, na gama aiki har abada. Ka sani.”

“Na sani,” na ce, na ɗauka.

*

A nan gaban kowa na sa katin a wayata na kwafe, na tura wa Direba waya zuwa waya, na tura wa Kuku, har maigadi sai da na cusa masa a tasa wayar mai fasasshen gilashi. Shugaba ya yaga rahotonsa ba tare da ya kalli kowa ba. Ban ba shi haƙuri ba a ranar, sai bayan mako guda, kuma ko a lokacin da ƙyar. Mai Sawu ya tattara tocilolin mutane a ƙarƙashin hammata, ya gyara batirin ta huɗun da kansa. A bakin ƙofa ya ce min, “Gobe in ka ɓoye abu, ka nemi wurin da ba na gado ba.”

Kafin rana ta faɗi na isa asibiti. Ɗaki ne mai gado uku, Dogo a na ƙarshe, ƙafafunsa sun zarce katifa, hannun a naɗe kan ƙirji. Na ce masa hotuna sun dawo, gobe mai bincike zai gani, sunansa ya fita. Na miƙa masa katin na ce ya kwana a wurinsa, don nasa ne kafin ya zama na kowa.

Ya miƙo hannun dama bisa sabo. Sai ya tuna, ya mayar, ya karɓa da hagu. Ya daɗe yana kallon ɗan abin nan da bai kai farcensa ba.

“Waye ya ɗauka, Mai Hoto?”

Kafin na buɗe baki aka turo ƙofa. Yaya ne, da fulas ɗin shayi a hannu. Fuskar Dogo ta washe.

“Ga mutumina! Wallahi Mai Hoto, ka yi dacen ɗan'uwa. In ba don shi ba da jini ya ƙare min a hanya. Bakanike, ka ji an sami hotunan?”

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai koma ba.

“Yaya,” na ce, “kai za ka faɗa masa, ko ni?”

Ya shigo ya ajiye fulas ɗin a ƙasa. Ya jawo kujera kusa da gadon, ta ɓangaren hannun da aka naɗe, ya zauna. Na fita na ja musu ƙofa.